Ɗan Gida a Kujerar Maigida

Shekarar 1999 ta zo wa yaran Kaduna masu son ƙwallo da abin da ya fi ƙarfin cikinsu. A watan Afrilu aka kawo mana gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 har gida. A filin wasa na Ahmadu Bello Sifaniya ta fitar da Ghana da bugun fenareti, ta sake doke Mali a nan, sannan ta wuce Legas ta lallasa Japan ta ɗauki kofi. A cikin yaran Sifaniyan akwai wani gajere a tsakiya da ba mu kula da shi ba, sai bayan shekaru muka gane ashe Xavi ne. Ƙarshen watan Mayu kuma soja suka miƙa mulki, manya ba su da zance a ƙofar masallaci da teburin mai shayi sai na Obasanjo. Mu kuwa tun saura kwana uku a rantsar da shi muka sha namu bikin, daren Laraba 26 ga wata.

Kaduna a lokacin ba garin Manchester United ba ne. Kowa yana da ɗan garin da yake bi. Celestine Babayaro na Chelsea, Tijjani Babangida na Ajax, Garba Lawal na Roda. Daniel Amokachi, wanda ya taso a Ranchers Bees, ya ɗauki kofin FA da Everton a 1995, a hannun United ɗin ma aka karɓe shi, kafin ya koma Besiktas ta Turkiyya. Ga Kanu bai daɗe da zuwa Arsenal ba, ya kwashe rabin unguwa ya tafi da su. United ba ta da ɗan Najeriya ko ɗaya, don haka in ka ce ita kake yi sai a tambaye ka wa kake da shi a can. Ni yayana ne ya ja ni, shi kuma Cantona ne ya ja shi da ɗaga kwalar riga da tafiyar ƙasaita.

Wani Alhaji maƙwabcinmu ne kaɗai mai satalayit a layinmu, kuma Allah ya yi shi da haƙuri da yara. Daren nan ya sa aka fito da talabijin tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, manya a kan kujeru, mu a ƙasa. Ba a jima da idar da Magariba ba aka take wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai tsakanin United da Bayern Munich a Camp Nou. Keane da Scholes ba sa ciki, an dakatar da su. Minti shida Mario Basler ya buga firikik ya wuce Schmeichel, 'yan Arsenal da suka zama 'yan Bayern Munich na dare ɗaya suka tashi da ihu. A hutun rabin lokaci aka yi Isha'i, kuma ban yi zaton akwai wanda ya natsu a sahun yara ba. Da aka dawo Bayern ta ci gaba da matsa mana. Scholl ya ɗaga ƙwallo ta daki turke ta dawo hannun gola, Jancker ya wuntsila ya buga ta daki ƙarfen sama. Ferguson ya sako Sheringham, can saura minti tara ya cire Andy Cole ya sako Solskjaer. Aka ɗaga allo, ƙarin minti uku. Wasu manyan har sun fara neman takalmansu.

Sauran kowa ya sani. Beckham ya bugo kwana, Schmeichel ya baro ragarsa ya taho, ƙwallo ta faɗo wa Giggs ya yi mata bugun da bai zauna ba, Sheringham ya karkata ta cikin raga. Ba mu gama tsalle ba aka sake samun kwana, Sheringham ya sa mata kai, Solskjaer ya miƙa ƙafa ya cusa ta saman raga. Yayana ya ɗaga ni sama kamar jariri alhali na kusa kamo shi tsawo. Alhaji da bai taɓa nuna ɓangare ba sai salati yake yi. Abin da ya fi zauna mini a rai dai shi ne Samuel Kuffour, ɗan Kumasi, kwance yana dukan ƙasa da hannu yana kuka, Collina alƙalin wasa yana bin 'yan Bayern ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su don a ƙarasa daƙiƙun da suka rage.

Wanda bai ga Ole Gunnar Solskjaer a fili ba zai yi wuya ya fahimci irin son da muke masa. Bai kai Cantona izza ba, bai kai Giggs gudu ba, farin jinin Beckham kuwa ko kusa. A 1996 aka sayo shi daga Molde ta ƙasar Norway kan fam miliyan ɗaya da rabi, da fuskarsa ta ƙuruciya. Yawancin manyan wasanni a benci yake farawa, Yorke da Cole na ciki, amma ba ka jin ƙorafinsa a jarida. Yana zaune yana nazarin 'yan bayan abokan karawa, wa ya gaji, wa ke jan ƙafa, da an sako shi sai ya nufi wurin. A Fabrairun 1999 an sako shi a wasan Nottingham Forest saura ƙasa da minti ashirin, ya zura huɗu, aka tashi 8-1. A 1998 Tottenham ta zo sayensa, kulob ya amince da kuɗin, shi ya ce yana nan. A shekarar ce kuma Rob Lee na Newcastle ya tsere shi kaɗai zai ci mu, Ole ya bi shi a guje ya kwashe masa ƙafa, ya karɓi jan katinsa ya fita jama'a na tafa masa. Ƙwallo 126 a wasa 366, sannan ciwon gwiwa ya sa ya rataye takalmi a 2007.

Ferguson ya sauka a 2013 da kofin Firimiya goma sha uku, mu kuma muka shiga wani hali da ba mu saba da shi ba. Moyes bai ƙarasa kaka ɗaya ba. Van Gaal ya ɗauki kofin FA a 2016, amma ƙwallonsa kan sa mutum gyangyaɗi a gidan kallo. Mourinho ya kawo kofi biyu a 2017, ya zo na biyu a 2018, sai dai kullum fuska a murtuke, yau rigima da Pogba, gobe da Luke Shaw, kuma duk zamansa a Manchester a otal ya yi shi, kamar baƙon da ke jiran mota. A waɗannan shekaru tabarmar Alhaji ta zama tarihi. Gidajen kallo sun cika gari, rumfar kwano da bencina da talabijin uku a jere, janareta na ruri a baya, mai gida na tsaye a ƙofa yana karɓar kuɗi. Yaran da suka taso a lokacin 'yan Chelsea ne saboda Mikel da Drogba, ko 'yan Barcelona saboda Messi. Mu 'yan United muka koma bencin baya, dattawan da ake tsokana.

Ranar 18 ga Disambar 2018, kwana biyu bayan Liverpool ta ci mu 3-1, aka sallami Mourinho. Washegari yayana ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kai, ka ji wa suka ɗauko?" Na ce, "Wa, Yaya?" Ya ce, "Mutuminmu." Bai faɗi suna ba, ni ma ban sake tambaya ba. An ce riƙon ƙwarya ne zuwa ƙarshen kaka, aro ma aka yi daga Molde. Wasan farko ya je Cardiff ya ci 5-1, rabon United da cin biyar a Firimiya tun wasan ƙarshe na Ferguson. Ya ci takwas a jere. Pogba da aka ce ya lalace ya dawo yana ci yana bayarwa, Rashford ya zama wani abu daban. Ni a lokacin ina da mata da 'ya'ya, da furfura ta fara leƙowa a gemu, amma ranar wasa sai in ga ina sauri kamar za a rufe ƙofar gidan Alhaji.

Sai daren Paris, 6 ga Maris 2019. PSG ta riga ta ci mu 2-0 a Old Trafford, kuma a tarihin gasar Zakarun Turai ba a taɓa samun wanda aka yi wa haka a gidansa ya je waje ya rama ba. Pogba na da jan kati, masu rauni sun yi yawa, benci cike da yara. Lukaku ya ci biyu, ɗaya daga kuskuren ɗan baya, ɗaya daga ƙwallon da ta suɓuce wa Buffon. Ana dab da tashi Dalot ya buga ta taɓa hannun Kimpembe, alƙali ya je ya duba bidiyo ya nuna fenareti. Rashford ya ɗauka ya narka. A gidan kallon da nake benci biyu suka karye, mai gida bai ce a biya ba, shi ma namu ne. A talabijin ɗin Ingila Rio Ferdinand yana murza hannu yana cewa a ajiye wa Ole takardar kwantiragi ya rubuta adadin da yake so. Mu ma abin da muke faɗa ke nan da Hausa.

Shugabannin kulob sun ce za su jira ƙarshen kaka su yi nazari. Ba su jira ba. Ranar 28 ga Maris suka ba shi kwantiragin shekara uku, bayan ya ci wasa 14 cikin 19. Wasanni goman da suka rage, biyu kawai ya ci. Barcelona ta fitar da mu, Everton ta zuba mana huɗu, Cardiff da ta riga ta faɗa ƙaramin rukuni ta zo Old Trafford ranar ƙarshe ta ci mu 2-0.

Duk da haka ba na yarda a ce bai yi komai ba, don masu faɗar haka sun manta yadda ya tarar da gidan. Ya kai mu na uku a 2020, na biyu a 2021, abin da babu wanda ya jera tun bayan Ferguson har zuwa lokacin. Ya yi wasa 29 a waje a Firimiya ba a ci shi ba. Shi ya kawo Bruno Fernandes. Shi ne kuma a Janairun 2020 ya aro Odion Ighalo daga China, ɗan Najeriya na farko da ya sa jar rigar nan a babbar ƙungiya, mutumin da shi ma a gidan kallo a Ajegunle ya fara son United. Shekara ashirin da ɗoriya ana tambayata wa nake da shi a can, sai a hannun Ole na samu amsa. Matsalar dai kofi. Wasan kusa da na ƙarshe huɗu ya kai, huɗun aka fitar da shi, kafin ya samu ya haye na biyar.

Abin da na lura da shi a shekarun nan shi ne kunya, kuma ta kama kowa. Mu magoya baya muna jin nauyinsa. Da Moyes ne aka ci 6-1 a gida, kamar yadda Tottenham ta yi mana a Oktoban 2020, da an ji zagi har Kawo. Da yake Ole ne sai mu ce 'yan wasa ne, ko alƙali, ko shugabannin kulob. Abokan wasansa da suka koma masu sharhi, su Keane da Scholes da Gary Neville, sukan caccaki kowa su tsallake shi, Neville ma ya fito fili ya ce ba zai taɓa kiran a kore shi ba. Shi ma nasa nauyin yake ji. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa ya ƙi ajiye motarsa a wurin da Ferguson ya saba ajiye tasa a filin atisaye. Kafin wasan Manchester City na Afrilun 2019 ya kwashi 'yan wasa ya kai su The Cliff, tsohon filin atisayen da aka bari tun tuni, ko iskar da za ta shige su. City ta ci 2-0. Da wuya ya yi hira da 'yan jarida bai ambaci yadda ake yi a da ba. Na san irinsa a kasuwa: babban yaron shago da maigida ya tsufa ya bar masa wuri, amma ya ƙi zama a kujerar maigida, ya ƙi sauya jeren kaya, ya ƙi tsawata wa wanda suka yi yarinta tare, har ciniki ya koma maƙwabta. Ladabi ne, kuma ladabin nan ne ya sa muke sonsa tun yana benci, amma kujerar ba ta buƙatarsa.

Daren da wannan ya fito mini sarai shi ne na Gdansk a ƙasar Poland, wasan ƙarshe na kofin Europa da Villarreal. Ku dubi kwanan watan: 26 ga Mayu 2021, shekara 22 cif bayan Camp Nou. Villarreal ƙungiyar wani ƙaramin gari ce mai mutum kusan dubu hamsin, ba ta taɓa ɗaukar babban kofi ba, Chukwueze ma da muke tsoro yana jinya. Gerard Moreno ya fara ci, Cavani ya farke. Daga nan Unai Emery ya shiga canji, kafin minti casa'in ya sako sababbin ƙafafu biyar. Namu kuwa suna ta haki, Rashford na ɗingishi, kowa a gidan kallo na kiran a yi canji, Ole na tsaye hannu a aljihu. Mutumin da duniya ta san shi da shigowa daga benci ya juya wasa, wanda ya ci mana kofin Turai saboda kocinsa ya yi ƙarfin halin cire Andy Cole, sai da aka kai minti ɗari kafin ya yi canjin farko. Aka je fenareti. Mutum ashirin da ɗaya suka buga, duka suka ci, har da Rulli golan Villarreal. De Gea ya zo na ƙarshe, Rulli ya tare. 11-10. Ban taɓa jin gidan kallo ya watse shiru irin na daren nan ba, 'yan adawa ma da suka zo dariya sai a waje suka yi ta.

Bayan wata uku aka dawo da Cristiano Ronaldo, wanda suka yi wasa tare da Ole na tsawon shekara huɗu. Wani tsohon ɗan gidan ke nan a kan na farko. Ƙungiyar da aka gina a kan yara masu gudu aka ɗora mata ɗan shekara 36 da ba a isa a ajiye shi a benci ba. Ranar da Ole ya gwada, a wasan Everton, sai ga bidiyon Ferguson yana cewa manyan 'yan wasa ake farawa da su. Ronaldo ya ci ƙwallaye, wannan ba musu, amma tsarin ya wargaje. Ranar 24 ga Oktoba Liverpool ta zo Old Trafford ta ci 5-0, huɗu tun kafin hutu, Salah ya zura uku. Kyamara ta nuno Ferguson yana girgiza kai, ta nuno Kenny Dalglish yana ƙyalƙyala dariya. Ko a nan ba a sallame shi ba, aka bar shi City ta zo ta yi nata. Sai da Watford ta ci mu 4-1 ranar 20 ga Nuwamba, Emmanuel Dennis namu ya rufe da ta huɗu, Ole ya je gaban magoya baya ya ɗaga hannu biyu yana ba da haƙuri. Washegari aka sanar. Ya zauna ya yi hirar bankwana da tashar kulob, murya na rawa, ido ya cika. Ba a saba ganin korarren koci ya yi haka ba.

Tun daga lokacin duk majalisar da aka tayar da zancen tsohon ɗan wasa ya dawo ya horar da kulob ɗinsa, sai a rabu biyu, kowa da jerin sunayensa. Masu so su ce Guardiola, wanda ya ɗauki kofi 14 cikin shekara huɗu a Barcelona. Su ce Zidane da kofin Zakarun Turai uku a jere daga 2016 zuwa 2018. Masu dogon tarihi su ƙara da Bob Paisley, da ya yi wa Liverpool wasa sannan ya kawo mata kofin Turai uku. Masu ƙi su ce Alan Shearer, da aka ba wasa takwas a 2009 ya ceci Newcastle, ya ci ɗaya, suka faɗa. Su ce Lampard, mai ƙwallo 211 a Chelsea, da aka kora a Janairun 2021, Tuchel ya ɗauki 'yan wasan nan dai ya ci kofin Turai da su bayan wata huɗu. Da aka sake kiransa a 2023 wasa ɗaya ya ci cikin goma sha ɗaya. Su ce Pirlo, wanda a hannunsa Juventus ta saki kofin lig na Italiya bayan shekara tara tana riƙe da shi.

Yawanci a kan ce bambancin gogewa ce, wai a bar mutum ya je ya koyi aiki tukuna. Lissafin bai fita ba. Ole ya horar da ƙaramar ƙungiyar United, ya ba Molde kofin lig na Norway na farko a tarihinta a 2011, ya maimaita a 2012, ya ɗanɗana faɗuwa da Cardiff a 2014. Guardiola kuwa shekara ɗaya tak ya yi da Barcelona B a rukuni na huɗu kafin a ba shi babbar ƙungiya a 2008. Abin da ya yi ranar da aka gabatar da shi ne ya bambanta shi: ya ce ba ya lissafi da Ronaldinho da Deco da Eto'o. Biyun farko suka tafi a lokacin, Eto'o ya ƙara shekara, ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Turai, duk da haka aka sallame shi. Arteta ya yi wasa tare da Özil, da ya dawo a matsayin koci ya cire sunansa daga jerin 'yan wasa, daga baya ya karɓe kyaftin a hannun Aubameyang ya buɗe masa ƙofa. Marigayi Stephen Keshi, duk da ƙungiyar ƙasa ce tasa, irin wannan ido gare shi. Ya bar Odemwingie da Obafemi Martins a gida a 2013, ya ajiye kyaftin Yobo a benci, ya ɗauki Sunday Mba daga gasar cikin gida, Mba ɗin ya ci mana kofin Afirka. Duk 'yan gida ne, amma sun shigo da ra'ayin kansu, ba su zo gadin kayan tarihi ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, wato wa ya kira shi, kuma me ya sa a lokacin. Barcelona ta tuna da Koeman ne bayan Bayern ta zuba mata 8-2 a 2020, ta tuna da Xavi bayan asusu ya bushe Messi ya tafi. Chelsea ta tuna da Lampard a shekarar da aka hana ta sayen 'yan wasa. Iyalan Glazer, da suka sayi United da bashi a 2005 suka ɗora wa kulob ɗin, sun san babu garkuwar da ta kai fuskar Ole, don mai son ya zage su sai ya fara tsallake gwarzon 1999. Da wuta ta lafa ko ta ƙi lafawa, ɗan gidan ake fara jefarwa. Koeman da ya ci wa Barcelona kofin Turai na farko a 1992, sai da magoya baya suka tare motarsa suna duka bayan wasan Real Madrid, kwana kaɗan aka kore shi. Xavi namu na Kaduna ya ɗauki La Liga a 2023, ya ce zai tafi, aka roƙe shi ya zauna, bayan wata ɗaya aka sallame shi. Zidane da duk kofunansa, da zai tafi karo na biyu a 2021 wasiƙa ya rubuta yana kukan ba a yarda da shi ba.

Abin dariya, mu 'yan United da muka fi kowa maganar wanda ya san gida, manyan kocinmu biyu baƙi ne. Ferguson bai taɓa sa jar riga ba, a Scotland ya yi duk wasansa. Matt Busby kuwa Manchester City da Liverpool ya buga wa, maƙiyan gidan guda biyu. Da Busby ya sauka a 1969 aka ɗora ɗan gida Wilf McGuinness, Busby na nan a ofis yana kallonsa, manyan 'yan wasa na kiransa da sunan da suka saba tun suna tare. Bai cika shekara biyu ba. Labarin yana nan a rubuce shekara hamsin kafin Ole, ba wanda ya so ya karanta a daren Paris, har da ni da na karya benci.

Hasarar da ta fi damuna ba a teburin Firimiya take ba. Ɗan yayana, wanda aka haifa bayan Ole ya daina wasa, ɗan City ne, kuma shi Solskjaer a wurinsa wani koci ne mai murmushi da ake yi wa barkwanci a waya, wanda Liverpool ta ci biyar. Na taɓa nuna masa ƙwallon Camp Nou a YouTube, ya kalla ya ce, "Baffa, ai wannan ko ni zan ci, a bakin raga fa yake." Na buɗe baki in yi masa bayanin minti casa'in da suka gabata, da turken da ƙwallo ta daka sau biyu, sai na ga ya riga ya wuce wani bidiyon. Yaran Chelsea na yanzu haka suke yi wa Lampard. Kafin 2018 ba mai iya faɗar sunan Ole a majalisa a yi dariya, ko ɗan Arsenal ne kuwa.

To amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Bayan tafiyarsa an kawo baƙi masu takardu da tsari, Rangnick da Ten Hag da Amorim. Ten Hag ya ɗauki kofi biyu, ya kuma kai mu na takwas. A 2025 muka ƙare na goma sha biyar, Tottenham ta karɓe kofin Europa a hannunmu a Bilbao. Shi kuwa Ole sai a Janairun shekarar ya sake karɓar aiki, a Besiktas, tsohon kulob ɗin Amokachi, inda bai taɓa buga wa kowa ƙwallo ba, ba kuma mai jin nauyinsa. Wasansa na farko ya ci Athletic Bilbao 4-1. A ƙarshen Agusta Lausanne ta Switzerland ta fitar da su daga gasar Turai, a daren aka sallame shi, ba hirar bankwana, ba hawaye.

Labarin ya iso majalisarmu ne ana tsaka da wani zancen, don kwana ɗaya kafin nan Grimsby Town, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta fitar da United daga kofin League da fenareti 12-11. Wani ya karanto shi daga waya. Yayana, wanda ya rantse bayan wasan Watford cewa ya gama da harkar tsofaffin 'yan wasa, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To ai shi ke nan, tunda ba shi da aiki yanzu, me suke jira?" 'Yan Arsenal suka ce wallahi su ma suna goyon baya, a dawo da shi gobe. Aka kaure da musu har mai shayi ya fara kife kofuna.